Bikon Teku

Tsofaffin masunta sun ce wata safiyar Laraba mutanen Tungar Farin Yashi suka wayi gari da abin da ido bai taɓa gani ba. Duk wani taru da koma da birgi da aka taɓa jefawa cikin teku, har waɗanda suka ɓace tun zamanin kakanni, ga su nan jere a bakin gaɓa, a bushe, an ninke su tsaf. Ba sawun mutum, ba na dabba. Gari ya ɗauki salati. Wasu masu taurin kai suka warware nasu suka shiga ruwa, suka yini suna ja, ko ƙaguwa ba su kamo ba. Wata tsohuwa mai bandar kifi ta dubi ruwan ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. Teku ta yi yaji, ta mayar muku da kayanku."

Mutum ɗaya ne bai yi mamaki ba, wato Bagudu mai nutso, domin shi ya san abin da ya shuka.

Ƙasashe biyu ne ke fuskantar juna a wannan teku, Sabarga da Tambuwa, kuma Farin Yashi a gaɓar Sabarga take. Kusa da tsakiyar ruwan akwai wani wuri marar zurfi mai suna Tudun Ciyawa, inda kifi ke taruwa ya saka ƙwai. Tun fil'azal, idan damina ta faɗi, masuntan ƙasashen biyu kan rataye taru wata uku cur, su bar iyayen kifi su haihu. Babu sarkin da ya kafa wannan doka, babu kuma wanda ya taɓa karya ta.

Ana nan sai sarakunan biyu suka yi saɓani a kan inda ruwan kowa ya tsaya. Aka kawo malaman awo da taswira da igiyoyi, aka auna, tsakiya ta faɗa a kan wani rami da ake kira Rijiyar Shuɗi, mai zurfin gaba arba'in. Aka ce sai an kafa turken ƙarfe a ƙasan ruwa, a ɗaura masa sarƙa da alama mai iyo. Wa zai kafa? Ai ba sai an tambaya ba, ga Bagudu, wanda maroƙa ke yi wa kirari da ɗan ayu. Ya nutsa da turke. A gaba talatin ƙirjinsa ya nemi tsagewa, ya juyo. Da ya fito ya ga idon ƙasashe biyu a kansa, sai kunya ta hana shi cewa numfashinsa bai kai ba. Ya ce wa malaman awo igiyar ruwa ce ta ja musu ma'auni, ainihin tsakiya tana kan Tudun Ciyawa. Su kuwa bayin Allah mutanen tudu ne, tun safe suke amai a jirgi, ko ina ka nuna musu za su sa hannu. Bagudu ya nutsa gaba bakwai, ya kafa turke, aka ba shi riga mai aska takwas. Girman kai rawanin tsiya.

Turken nan ya raba makwancin kifi gida biyu. Da damina ta zo, mutanen Sabarga suka ce in mun rataye taru, Tambuwa za su kwashe na gefensu har su jawo namu. Can ma haka aka ce. Aka rage wata ɗaya daga hutun, aka rage biyu, aka bar shi gaba ɗaya. Daga baya manyan jirage suka zo da taru mai haƙoran ƙarfe, suka kankare ciyawar ƙasan ruwa tas. Shekara bakwai ana wannan tsere kafin safiyar Larabar nan.

Farin Yashi ba ta noma, yashi ne da gishiri. Kifin banda ake ba fatake su ba da hatsi. Da kifi ya ɗauke, fatake suka ɗauke ƙafa. Kafin wata uku an fara dafa ganyen da akuya ke ƙi. Bagudu yana da 'ya ɗaya tilo, Ladiyo. Mijinta ya nutse lokacin da jirgin sintirin Tambuwa ya biyo shi saboda ya ƙetare turke, ya bar ta da ciki, ta haifi ɗa aka sa masa Audi. Yanzu nononta ya ƙafe, yaron ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki ya rufe. Ranar da Bagudu ya ga haka ya koma bayan ɗaki ya yi kukan da bai yi ba ko a mutuwar matarsa. Ya ce a ransa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, me jaririn nan ya yi?

Da hantsi ya ɗaure goro uku a gefen zane, domin ba a zuwa biko hannu rabbana. Ya tuƙa kwale-kwalensa har Rijiyar Shuɗi, ya ɗaura dutse a ƙugu, ya yi bisimilla ya faɗa. Gaba goma, ashirin, talatin. Ƙirji ya ɗauki wuta kamar wancan karo, amma yau bai juyo ba. Ya buɗe baki don ya mutu, sai ya ji iska mai sanyi ta shiga huhunsa, ƙafarsa ta sauka a kan matakala ta farin dutse.

A ƙarshen matakalar akwai ƙofa, a bakinta wata kififiya mai girman rumfar kasuwa tana kwance. Wata igiyar roba ta shaƙe mata wuya har ta nutse cikin nama.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, me ya kawo ka inda ba a gayyace ka ba?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ni mutumin Sabarga ne."

"Ban tambaye ka ƙasa ba. Shekara ɗari uku ina kai da kawowa tsakanin gaɓar nan biyu, ban taɓa cin karo da bango ba. Me ya kawo ka?"

"Biko na zo."

Ta ƙura masa ido. Shi kuwa idonsa na kan igiyar. Ya zaro wuƙa ya ce ta yi haƙuri za ta ji zafi, ya bi a hankali ya yanke. Kififiyar ta miƙe wuya, ta ja numfashi mai tsawo, ta ce, "Hau bayana. Amma ka riƙe wannan. A ƙasarmu gaskiya ce ke riƙe ruwa. Duk wanda ya yi ƙarya, ruwa zai dawo masa."

Suka kama hanya. Suka ratsa wani kwari da ya cika da abin da 'yan Adam suka zubar, kwalabe da gwangwanaye da tsofaffin ƙarafa, tudu a kan tudu, tafiyar yini guda. Daga nan suka isa wani baƙin kogi na mai, yana gudu cikin ruwa bai gauraya da shi ba, warinsa na sa hawaye. Kififiyar ta ce ba ta iya shigarsa. Gadar da ke kan kogin ƙashin bayan wani ƙaton kifi ne da ya mutu a wurin, santsi gare shi kamar an shafa kuɓewa. Bagudu ya bi da rarrafe. A tsakiya wasu hannaye baƙaƙe suka ɓullo daga man suna kamo ƙafarsa, wata murya na kiransa da muryar surukinsa, tana cewa, "Baba, sauko ka huta." Ya runtse ido, ya kira sunan Audi sau uku, ya ja jiki har ya ƙetare. Kififiyar ta zagayo ta wata hanya ta same shi a tsallaken.

Gaba kaɗan suka shiga wani birni da aka gina da farin wuri, irin kuɗin da. Tituna a share, ƙofofi a buɗe, ba motsin kowa. A kowane gida akwai ƙananan gadaje jere, dubbai, duk babu kowa a ciki. Bagudu ya ɗaga kai, sai ya ga tsinin turkensa ya huda rufin birnin ya leƙo, tsatsa na ɗigowa daga gare shi. A dandali ya tarar da ayu mata sun fi ɗari suna zaman makoki, kowacce da zanen goyo a cinya. Su ne masu rainon 'ya'yan kifi.

Babbarsu ta ce, "Baƙo, ba a wuce makoki. Zauna ka yi gaisuwa."

Ya zauna ya ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya ba da dangana."

"Haƙuri sai ma'aiki. Kai da ka zo daga sama, ko ka san wanda ya kafa wancan ƙarfe?"

Tsohon hali ba ya mutuwa da sauƙi. Bakin Bagudu ya riga zuciyarsa, ya ce, "Ban san shi ba." Kafin ya rufe baki ruwa ya taso masa zuwa gwiwa. Ya ce, "Wato, sarakuna ne suka sa." Ruwa ya kai wuya. Ya ji gishiri a leɓensa, ya tuna bakin jaririn nan mai buɗewa da rufewa, ya ƙwala ihu, "Ni ne! Ni na kafa shi da hannuna, kuma na san makwancin kifi ne!"

Ruwan ya janye. Ya jira su yayyaga shi. Ba wadda ta taɓa shi. Babbar ta ninke zanen goyonta ta ce, "Mun daɗe da sani. So muke mu ji ko akwai sauran mai iya faɗa a cikinku. Wuce, Magajiyar Gishiri, mai mulkin teku, tana jiranka." Da duka suka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Fadar Magajiyar Gishiri ba ta da dogari ko ɗaya. Ita kuwa wata dattijuwa ce doguwa, gashinta fari har ƙasa, tana zaune a kan tabarmar ciyawa da ta zama tsumma, ta juya wa ƙofa baya. Bagudu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwance goronsa ya tura gabanta.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Goro uku, ɗan Adam? Kuɗin 'ya'yana ke nan?"

"Allah ya ja zamaninki, abin da ya rage a Farin Yashi ke nan. Ba fansa na kawo ba, ban haƙuri na zo."

Ta juyo. Ta tafa hannu, kifaye uku suka shigo suna iyo a iska. Ta ce, "Kai ne gwanin raba ruwa. Ɗaya an haife shi gabas da turkenka, ya girma a yamma. Ɗaya an haife shi a yamma, ya girma a gabas. Na uku a gindin turken aka haife shi. Faɗa mini na Sabarga, ka faɗa mini na Tambuwa. In ka faɗa daidai, ka tafi da su."

Bagudu ya dube su, ya sake duba. Yunwa ta ce masa ya yi cinke ko Allah zai sa ya dace. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba. Shekara hamsin ina cikin ruwa, ban taɓa ganin kifi da tsagar gado ba."

"To me ya sa ka kafa ƙarfe a ɗakin haihuwata?"

"Numfashina ne ya gaza a Rijiyar Shuɗi, na ji kunyar faɗa."

Magajiya ta ce, "Da ƙiyayya ce, da na gane. Ashe kunya ce." Hawaye ya zubo mata, kowane ɗigo ya faɗi ya zama ƙwayar gishiri. "Ban hana sarakunanku su ja layi a takarda ba, kowa ya san inda jirginsa zai tsaya. Amma ɗakin haihuwa ba a raba shi. Kakanninku sun san haka ba tare da taswira ba."

Ta jawo wata ƙwarya rufe da faifai, ta buɗe. Kifaye bakwai ne manya, cikinsu ya yi nauyi da ƙwai. Ta ce, "Iyakar irin da ya rage mini ke nan. Ka tumɓuke turkenka. Ka dasa wannan damin saiwar ciyawa a gurbinsa. Sannan a saki iyayen nan a Tudun Ciyawa da hannun mutanen ƙasa biyu, su yi rantsuwa taru ba zai ƙara sauka a wurin ba, kuma a dawo da hutun damina. Bayan wata shida za ku ga kifi."

Bagudu ya ce, "Wata shida! Ranki ya daɗe, ina da jika da ba zai kai kwana shida ba."

"Ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa don gaggawar kowa. Kuma ka sani, ransu ɗaya ne su bakwai. Ka taɓa ɗaya, shidan su mutu, ni kuma ba ni da wasu. Yarda ce na ba ka, ba don ka cancanta ba, don ba ni da wani ɗan aike."

Ya roƙa, ya yi birgima, ya ce ta ɗauki ransa a madadin kifi ɗaya ƙarami. Ta ce ransa ba ya saka ƙwai. Kififiya ta ɗauko shi da ƙwaryar, ta ajiye shi cikin kwale-kwalensa, rana tana tsaka.

Sai da ya fara zuwa gida, domin dole a tara mutane. A bakin gaɓa ya tarar da Ladiyo zaune da Audi a cinya, kwana uku tana jiransa. Ta ji motsin ruwa a ƙwarya. Kafin ya hana ta, ta ɗaga faifan.

Ta ce, "Baba! Kifi! Alhamdu lillahi! Bari in hura wuta."

Ya riƙe hannunta. A tsaye a nan ya gaya mata komai, tun daga Rijiyar Shuɗi har sharaɗin Magajiya. Ya gaya mata cewa turken da mijinta ya mutu a kansa ba a wurinsa yake ba.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Wannan na yafe maka, Baba, wallahi na yafe. Ɗaya kawai nake so. Romo kaɗan in sha, ko nono zai sauko. Dubi bakinsa."

"Uwata, in na taɓa ɗaya duk sun tafi."

"Ka tabbata? Ko aljana ce ta faɗa don ta tsorata ka?"

"A ƙasarta ba a iya ƙarya."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Jikanka ne fa. Kai ka yi masa huɗuba."

Bagudu ya dubi yaron, ya dubi bayanta, inda mata suka fara taruwa, kusan kowacce da goyo ko ciki. Hannunsa ya kai kan faifan ya tsaya, ya daɗe a wurin. A rayuwarsa bai taɓa son yin abu kamar yadda ya so ya zaro kifin nan ba. Ya danne faifan, ya ɗora ƙwaryar a ka, ya zare ƙafarsa daga hannun 'yarsa, ya nufi ƙofar Sarkin Ruwa yana kuka kamar yaro. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ya gama.

Yunwa ta riga ta yi wa sarakunan biyu wa'azi, ba a sha wahalar shawo kansu ba. Bayan kwana biyu jiragen ƙasashen suka haɗu a Tudun Ciyawa. Bagudu ya miƙe ya tona asirin kansa a gaban kowa, wasu suka tofa masa yawu, bai share ba. Ya nutsa sau goma sha ɗaya kafin turken ya fita, ya dasa ciyawa har hancinsa ya yi jini. Wani dattijo daga Sabarga da wata dattijuwa daga Tambuwa suka kama ƙwaryar tare suka karkata ta. Aka mayar da iyaka Rijiyar Shuɗi, a takarda kawai, aka ce Tudun Ciyawa ba na kowa ba ne, tsaronsa na kowa ne. Jiragen sintirin da suke farautar juna suka koma gadin wuri ɗaya. Sarakunan suka buɗe rumbuna suka aiko da hatsi, amma hatsin tafiyar kwana tara gare shi.

Audi ya cika a kwana na huɗu. Bagudu ne ya haƙa kabarin, bai fi kamu uku ba.

Ladiyo ba ta zage shi ba, ba ta ƙaurace masa ba. Tana gaishe shi da safe, tana kai masa ruwan alwala. Sai dai ba ta ƙara kallon idonsa ba, shi kuma bai ga laifinta ba.

Da wata shida ya cika, teku ta huce. Wata safiya ruwa ya yi baƙi da kifi tun daga gaɓa har iyakar ganin ido. Gari ya rikice da guɗa, hayaƙin banda ya tashi, fatake suka dawo da jakunansu. Masunta suka ce kifin farko na Bagudu ne, ko da ya ɓata shi ya gyara. Suka zaɓi mafi girma suka ba shi. Ya rungumo shi har ƙofar ɗakin 'yarsa. Ya yi sallama.

Ladiyo ta fito. Ta dubi kifin, ta shafa bayansa, ta ce mai kyau ne, Allah ya amfana. Sannan ta ɗago ta dubi mahaifinta cikin ido, ta nuna masa gidan maƙwabciyarta Tasalla da ke jikin nata, inda ake jin kukan wani jariri.

Ta ce, "Kai wa Tasalla, Baba. Nata yana da rai."